Lokacin da kuskuren yatsa ke tsufar da mutum: yadda aka fara awon haɗarin lafiya da ƙananan kwamfutoci

A tsakiyar shekarun 1980, akwai wata hidima da ta zama ruwan dare a kamfanoni da jami'o'i da ofisoshin kiwon lafiya na jihohin Amurka. Za a jera tebura a wani babban ɗaki, a auna wa ma'aikata nauyi da hawan jini, sannan a miƙa wa kowa takarda mai tambayoyi kimanin arba'in. Kana shan taba? Kara nawa a rana? Mil nawa kake tuƙi a shekara, kuma kana ɗaura bel ɗin kujera? Kana taɓa giya kafin ka riƙe sitiyari? Idan mace ce, yaushe rabonta da zuwa awon sankarar mama ko ta bakin mahaifa?

Bayan ƴan kwanaki, wani lokaci makonni, sai ambulan ta iso. A ciki akwai shafi ɗaya ko biyu da kwamfuta ta buga, ɗauke da lambobi uku da suka fi komai jan ido: shekarun mutum na haihuwa, shekarun da halin rayuwarsa ya sa jikinsa ya yi kama da su, da shekarun da zai iya komawa in ya gyara. Mai shekara 45 zai iya karanta cewa haɗarin da ke kansa daidai yake da na ɗan 51, amma in ya bar taba ya kula da hawan jininsa zai sauko zuwa 43.

Tsakanin takardar da aka cika da ambulan da ta dawo akwai wani mutum da tarihin wannan fasaha bai cika ambata ba. Shi ne wanda aka tara wa takardun dami guda a kan tebur, ya zauna gaban kwamfuta mai baƙin allo yana danna lambobi ɗaya bayan ɗaya. A ofisoshin Nijar irin waɗannan ma'aikata ne ake kira masu "sezi". Duk ilimin likitocin da suka tsara lissafin, a kan yatsun wannan mutum ya rataya.

Daga Framingham zuwa Indiyana

Tushen abin yana garin Framingham na jihar Massachusetts, inda a 1948 aka fara bin lafiyar mutum 5,209, maza da mata, ana duba su lokaci bayan lokaci don a gano me ke janyo ciwon zuciya. A 1961 likita William Kannel da abokan aikinsa suka fitar da wani rahoto daga wannan bincike wanda ya yaɗa batun "abubuwan da ke ƙara haɗari", wato hawan jini, yawan kitsen jini da ake kira kolestarol, da makamantansu. A karon farko an samu lambobin da ke nuna yadda kowannensu ke ƙara yiwuwar kamuwa da cuta.

Wanda ya ɗauki wannan ilimi ya ce a kai shi ɗakin ganin likita shi ne Lewis Robbins, tsohon ma'aikacin hukumar lafiyar jama'a ta Amurka da ya daɗe a fagen yaƙi da sankara. Hujjarsa mai sauƙi ce: likita yana jiran cuta ta bayyana kafin ya motsa, alhali da yawa daga cikin abubuwan da ke kashe mutane ana iya hango su tun shekaru kafin su iso. Shi da likita Jack Hall na asibitin Methodist da ke birnin Indiyanapolis suka wallafa littafi a 1970 wanda ya bayyana yadda za a yi wannan lissafi daki-daki.

Ga yadda yake tafiya. Da farko akwai jadawalin da masanin ƙididdiga Harvey Geller ya shirya daga takardun shaidar mutuwa na ƙasar, wanda ke nuna cikin mutum 100,000 masu shekaru kaza, maza ko mata, farare ko baƙaƙe, nawa ne ke mutuwa cikin shekara goma, kuma me ke kashe su. Sai a ɗauki manyan cututtuka da haɗurran da suka shafi rukunin mutumin. A kan kowace cuta, ana bai wa kowace ɗabi'a maki: 1 na nufin matsakaicin mutum, sama da 1 ƙarin haɗari, ƙasa da 1 ragi. Makin da ke ƙasa da 1 ana ninka su da juna, na sama da 1 kuma a ɗauki rarar da ke kansu a tara. A ce, don misali kawai, mutum ya samu 1.5 a taba, 1.3 a hawan jini, 0.8 a motsa jiki. Za a ɗora 0.5 da 0.3 a kan 0.8, a samu 1.6. Haɗarinsa a wannan cuta ya ninka na tsaransa sau 1.6 ke nan. A maimaita haka ga kowace cuta, a haɗa jimla, sannan a koma jadawali a duba ɗan shekara nawa ne yake da irin wannan jimla. Nan ne "shekarun lafiya" suke fitowa.

Yana da kyau a tsaya nan a warware wani abu, domin mai karatu na iya cewa ajali ai na Allah ne, wace na'ura ce za ta san shi? Lissafin bai taɓa iya faɗin ranar kowa ba, kuma waɗanda suka ƙirƙiro shi ba su yi wannan da'awa ba. Abin da yake cewa shi ne: cikin mutum dubu masu irin halinka, kusan kaza ne ba za su kai shekara goma masu zuwa ba. Ko kana cikinsu ko ba ka ciki, wannan babu shi a jadawali. Manomin da ya duba hadari ya ce yau da alamar ruwa bai yi duba ba.

Matsalar ita ce yin wannan da fensir yana cin lokaci sosai, kuma likita mai layin marasa lafiya a ƙofa ba shi da wannan lokaci. A shekarun 1970 ma'aikatar lafiya ta Kanada ta mayar da lissafin cikin kwamfuta. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, da ke birnin Atlanta, ta gina nata a kan na Kanada, ta fitar da shi a 1980, ta riƙa rabawa ta hannun ofisoshin lafiya na jihohi. Lokacin ya dace da shi: a 1979 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoton da ya ɗora alhakin mace-mace da yawa a kan halin rayuwa, kamfanoni irin su Johnson & Johnson kuma suka fara shirye-shiryen kula da lafiyar ma'aikatansu.

Amma kwamfutar farko da ke wannan aiki irin mai cika ɗaki ce, wadda sai babbar jami'a ko hukuma ke da ita. Ana aika takardu can, a mayar da amsoshin kati mai huji ko faifan maganaɗisu, a jira layi, a dawo da sakamako ta gidan waya.

Kwamfuta ɗaya, mutum ɗari biyar

Ranar 12 ga watan Agusta 1981 kamfanin IBM ya fito da ƙaramar kwamfutarsa ta kan tebur. Mafi arha a cikinsu dala 1,565 ce, kuma a wannan kuɗi babu allon kallo, babu wurin saka faifai. Apple II ta riga ta kasuwa tun 1977. Cikin ƴan shekaru manhajojin awon haɗarin lafiya suka sauko kan waɗannan na'urori. Wadda ta fi shahara ita ce Healthier People, wadda cibiyar Carter ta sabunta tare da CDC ta fitar a ƙarshen shekarun 1980. Cibiyar nan dai ita ce mutanen karkarar Nijar suka sani da yaƙi da kurkunu, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da ita a 2013.

Hanya biyu ake shigar da amsoshi. Ta farko, mutum ya zauna da kansa gaban kwamfuta, tambaya ta fito, ya amsa, ta gaba ta fito, a ƙarshe ya karɓi sakamakonsa nan take. Ta biyu, kowa ya cika takarda, a tattara, wani ya shigar da su gaba ɗaya cikin fayil guda, sannan a umarci manhaja ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta buga wa kowa nasa. Wannan ita ce shigarwa dami-dami.

Ta farkon ta fi daɗin ji, amma ta biyun ce ta ɗauki nauyin aikin. Ofishin da ke da kwamfuta ɗaya tak ba zai iya jera ma'aikata ɗari biyar kowa ya zauna yana lalubar haruffa ba, balle a lokacin da yawancin mutane ba su taɓa danna madannin kwamfuta ba. Takarda kuwa ana raba ta ga mutum ɗari a lokaci guda, a masana'anta ko a coci ko a barikin soja. Akwai kuma wani dalili da ya fi wannan ƙarfi a wurin masu biyan kuɗin: fayil ɗin da ya tara kowa yana ba da rahoton rukuni. Shugaban kamfani zai ga kashi nawa na ma'aikatansa ke shan taba, nawa ke da hawan jini, ya san inda zai zuba kuɗi. A Amurka, inda kamfani ne ke biyan inshorar lafiyar ma'aikaci, wannan magana ce ta aljihu.

Tsarin fayil ɗin gado ne daga zamanin kati mai huji, wanda ke da gurbi 80. Kowane mutum layi ne, kowace amsa tana da gurbin da aka ware mata. Guraben farko na lambar shaida, na gaba na jinsi, 1 namiji 2 mace, biyu na shekaru, uku na nauyi, haka har ƙarshe. Babu suna a saman gurbi da zai tuna wa manhaja ko mene ne wannan. Matsayin lamba a layi shi ne kawai ma'anarta. Faifan disket mai faɗin inci biyar da kwata yana ɗaukar kilobait 360, wanda in layin kowa bai wuce harafi 80 ba zai ɗauki fiye da mutum 4,000. A yau hoto ɗaya na wayar salula ya fi wannan nauyi sau da yawa.

Bugawa ita ce wani jan aikin. Na'urar Epson MX-80, wadda ta cika ofisoshi a lokacin, tana buga harafi 80 a daƙiƙa, da allurai masu dukan ƙyalle da ƙara kamar keken ɗinki. Shafi mai harafi 2,400 rabin minti ne. Mutum 500 da shafi bibbiyu ya haura awa takwas, in takarda ba ta sarƙe ba. Bayan nan a yayyage shafukan, a haɗa kowanne da lambar mai shi, a sa a ambulan. In aka yi musayar ambulan biyu, an ba wani asirin wani.

Inda ake yin ɓarna

Kurakuran da wannan aiki ke haifarwa sanannu ne ga duk wanda ya taɓa yin sa. Ɗaya daga cikinsu shi ne juya lambobi: a buga 53 a maimakon 35. Da yake shekaru su ne ginshiƙin lissafin gaba ɗaya, matashin zai karɓi takardar da aka auna shi da jadawalin dattawa. Wanda ya fi shi muni shi ne zamewar gurbi. In mai bugawa ya tsallake gurbi ɗaya a farkon layi, duk abin da ya biyo baya ya gusa. Rabin lambar nauyi ya shiga gurbin hawan jini, amsar taba ta koma ta giya. Manhaja ba ta san ta yi mamaki ba, lissafi kawai za ta yi.

Sai batun ma'auni. Takardun Amurka da laba suke auna nauyi, da ƙafa da inci suke auna tsawo. Wanda ya saba da kilo ya rubuta 70, alhali a laba nauyinsa 154 ne, sai manhaja ta ɗauke shi ramamme. Akwai kuma bambanci tsakanin sifili da gurbin da aka bari fayau. "Ba na shan giya ko kaɗan" daban yake da "ban amsa ba", amma gajiyayyen ma'aikaci da ƙarfe biyar na yamma zai iya mayar da su abu ɗaya.

Guraben da aka bari fayau sun fi cancanta a dakata a kansu. Mutane da yawa ba su san awon hawan jininsu ko na kolestarol ba. Don kada lissafi ya tsaya, manhajojin sukan cike gurbin da matsakaicin awon tsarar mutumin. A ido wannan dabara ce mai kyau, amma dubi wanda take cutarwa: mutumin da bai taɓa zuwa awo ba, wanda jininsa ya hau bai sani ba, shi ne za a lissafa a matsayin lafiyayye, a aika masa takardar da za ta kwantar masa da hankali. Wanda ya fi kowa buƙatar gargaɗi shi ne ya fi samun yabo.

An yi wa waɗannan matsaloli shinge iri biyu. Na farko shi ne iyaka: manhaja ta ƙi karɓar shekaru 350 ko namiji mai amsar awon mahaifa. Wannan yana kama kuskuren da ya fito fili, amma 53 a maimakon 35 zai wuce salin-alin, tunda duka biyun shekarun mutane ne. Na biyu shi ne bugawa sau biyu, wadda ita ma tsohuwar al'ada ce ta zamanin kati. Mutum biyu daban su shigar da dami ɗaya, kwamfuta ta gwama fayilolin, duk inda suka saɓa a koma takarda a duba. Ƙarfin hanyar a lissafi yake: in kowannensu yana kuskure sau ɗaya a gurbi ɗari, yiwuwar su biyun su yi kuskure a gurbi guda ɗaya ce cikin dubu goma. Sai dai tana ninka kuɗin aiki, don haka ita ce ake fara yankewa in kasafi ya yi ƙaranci. Manyan masu amfani, irin su rundunar sojan ƙasa ta Amurka da ta yi wa dakarunta wannan awo tun daga ƙarshen shekarun 1980, sun koma ga takardun da ake cike da fensir a ƙananan da'irori, na'ura ta karanta da kanta.

Ko an buga sau goma, akwai abin da ba ya gyaruwa. In rubutun hannun bai fita ba, masu bugawa biyu za su iya karanta 1 a matsayin 7 tare. In kuma mai amsawa ya rage kwalaben da yake sha ko ya sauke wa kansa laba goma, za a shigar da ƙaryar daidai yadda ya rubuta ta. Dalilin ɓoyewar ba boyayye ba ne. A kamfani, mai shigar da bayanan yana iya zama abokin aiki a ofishin kula da ma'aikata, kuma lambar da ta maye gurbin suna ba ta ɓoye komai in mace ɗaya ce mai shekara 58 a sashen. Dokokin da suka zo suka ɗaure hannun kamfanoni a baya suka iso: ta kare masu naƙasa a 1990, ta sirrin bayanan lafiya a 1996, ta hana nuna bambanci saboda cututtukan gado a 2008.

Masana ma ba su bar abin ya wuce haka nan ba. A 1982 Edward Wagner da abokan aikinsa suka wallafa nazari a mujallar lafiyar jama'a ta Amurka inda suka nuna cewa an yi gaba da amfani da wannan awo fiye da hujjar da ke bayansa. Yawancin binciken da aka ɗebo makin daga ciki a kan fararen fata masu matsakaicin hali aka yi shi, Framingham kanta haka take, amma ana auna kowa da shi. Shin takardar tana sa mutum ya canza hali? Bayan shekaru, kwamitin da ke tantance hanyoyin rigakafi a Amurka ya yanke cewa babu isasshiyar hujjar cewa awon shi kaɗai yana aiki, amma yana aiki in an haɗa shi da ilimantarwa da bibiya. Wato ambulan ba ta isa ba sai da mutumin da zai zauna ya yi bayani. Duk da haka abin bai mutu ba: tun 2012 yana cikin ganin likita na shekara-shekara da inshorar tsofaffi ta gwamnatin Amurka ke biya.

Abin da ya iso Nijar

Takardar "shekarun lafiya" ba ta yi kasuwa a Afirka ta Yamma ba, kuma da wuya ta yi, tunda ba a gina ta don mutanen da zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da haihuwa ke kashewa ba. Amma salon aikin, wato takarda a ƙauye da kwamfuta a birni da mai bugawa a tsakani, ya iso ta wata ƙofar, daga Atlanta ɗin dai.

A 1985 wani ɗalibin sakandare mai suna Jeff Dean, ɗan likitan annoba Andrew Dean na CDC, ya rubuta zubin farko na manhajar Epi Info. Yaron daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan injiniyoyin Google. Manhajar kyauta ce, ana kwafe ta daga disket zuwa disket, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shiga cikin aikinta, aka kuma fassara ta zuwa Faransanci. Duk wanda ya yi karatun lafiyar jama'a a ƙasashen renon Faransa a shekarun 1990 ya san shuɗin allonta. A cikinta akwai sashen tsara takardar tambayoyi, da na shigar da amsoshi, da na sa iyaka, da wanda ke gwama fayil biyu don kama kuskure. Shinge biyun nan da aka ambata ke nan, an miƙa su ga duk likitan gunduma da ke da kwamfuta.

Babban binciken lafiya da yawan jama'a na farko a Nijar, na 1992, shi ma da ƙananan kwamfutoci aka sarrafa shi. Ma'aikata suka zaga ƙauyuka suna tambayar mata ƴaƴa nawa suka haifa, nawa ke raye, aka kwaso takardun zuwa Yamai aka shigar. Daga nan ne lambar nan mai tayar da hankali ta fito: cikin yara 1,000, 318 ba sa kai shekara biyar. Binciken 1998 ya ba da 274, na 2006 ya ba da 198, na 2012 kuma 127. Da waɗannan lambobi aka yi ta tsara manufofi da neman tallafi, kuma na farko-farkon cikinsu sun bi ta hannun masu sezi da ke fama da zafi da ƙurar hunturu mai lalata disket da ɗaukewar wuta kafin a adana aiki.

Har yau dami bai ƙare ba. Tun 2017 Nijar ke amfani da manhajar DHIS2 wajen tattara alƙaluman lafiya, amma a cibiyoyin CSI da yawa rajistar takarda ce ke karɓar mara lafiya. Sai ƙarshen wata ake ƙirga, a cika rahoto, a shigar. Ma'aikacin da ya wuni yana allura da karɓar haihuwa shi ne zai zauna da dare yana wannan.

Yanzu kuma tambayar Robbins ta fara zama tamu, domin hawan jini da ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki sun daina zama cutar masu kuɗi kaɗai a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa. An gudanar da binciken STEPS na Hukumar Lafiya ta Duniya a kan irin waɗannan cututtuka a Nijar a 2007 da 2021. Hukumar ta kuma fitar da jadawalin awon haɗarin ciwon zuciya a 2007, ta sabunta shi a 2019 ga yankuna 21 na duniya, ciki har da yammacin Afirka kudu da Sahara. Ya yi kama da lissafin Indiyana: a duba jinsi, shekaru daga 40 zuwa 74, shan taba da hawan jini, a samu yiwuwar bugun zuciya ko shanyewar jiki cikin shekara goma. Akwai ma zubin da ba ya buƙatar gwajin jini, nauyi da tsawo sun isa, wanda aka yi domin wuraren da babu ɗakin gwaji.

Sai dai harsashin da Geller ya samu babu shi a nan. Shi ya tarar da takardun mutuwa na ƙasa guda, kowace da dalilin rasuwa. A Nijar yawancin mutane a gida suke cikawa, a yi musu sutura a ranar, babu wanda ya rubuta me ya kashe su. Don haka jadawalin yankinmu a kan ƙiyasi ya dogara. Shekarun ma da lissafin ya fi jingina a kansu, dattawa da yawa katinsu "né vers" yake cewa, an haife shi wajajen shekara kaza. Masu ƙididdiga sun daɗe da lura cewa in an tambayi shekaru a irin wannan yanayi, amsoshi kan taru a kan 40 da 45 da 50. Jadawalin kuwa shekara biyar-biyar yake tafiya, don haka ƙiyasin da ya kauce da shekara biyu yana iya matsar da mutum zuwa wani rukuni. Batun sirri ma yana nan: ƙasar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar HAPDP da ke sa ido, amma rajistar da ke ajiye a kan tebur a buɗe take ga duk wanda ya shigo.

Waya da kwamfutar hannu sun kawo sauƙi na gaske. Ana shigar da amsa a gaban mai ita, in lambar ta wuce iyaka na'ura ta ƙi, a sake tambaya nan take. Abin da aka rasa shi ne takardar da za a koma a duba, da mutum na biyu da ke sake bugawa. In yatsa ya zame a ƙauye, kuskuren zai wuce Yamai ba tare da wata shaida a bayansa ba.

Tsohuwar matsalar ma'auni ma ta biyo mu da sabon kaya. Ɗakunan gwaji na tsarin Faransa sukan ba da kolestarol da giram a lita, manhajojin Amurka suna neman miligiram a desilita, jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya kuma milimol a lita. Giram 2 a lita shi ne miligiram 200, shi ne kuma kusan milimol 5.2. A asibitocin Nijar in an auna mutum akan ce masa tansiyonsa 12/8 ne ko 16/10, da santimita, yayin da jadawalin ke ƙirga da milimita, 120/80 da 160/100. Layukansa biyar ne, daga ƙasa da 120 zuwa 180 da abin da ya haura. Manhajar da ba a sa mata iyaka ba, in aka buga mata 16 kamar yadda aka rubuta a katin mara lafiya, za ta ajiye mai awon 160 a layin ƙasa, tare da waɗanda jininsu bai taɓa hawa ba.